Jarumin da Aka Hana Kwanciya

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ni da ƙanwata Nana muka koma ɗakin kakarmu a Tsarnawa. Kamyon albasa, babbar motar kaya, shi ne ya kife da shi a hanyar Galmi, ana gab da faɗuwar damina. Innarmu ga goyo ga rashin lafiya, sai Kaka Ige, wadda ta haifi Baba, ta ce a ba ta mu. Ni ina ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, Nana ko ba a sa ta ba tukuna.

Da sanyi ya shigo, Kaka kan hura wuta a bakin ɗakinta bayan sallar isha'i. Karan gero take farawa da shi, sannan ta ɗora guntun icce guda mai daɗewa yana ci. Takan binne dankali cikin toka, mu kewaye ta da mayafanmu. Ba ta gaggawar soma gatana, wato tatsuniya. Sai ta gama jan carbinta, ta rataye shi a wuya, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki.

Akwai Mamman, ɗan wan Baba, wanda ke kolej a Konni, yana zuwa gida ranar Asabar. Shi ya fara kai ni gidan bidiyo, muka kalli wani fim na yaƙin sararin sama, inda jirage ke yawo tsakanin taurari suna harbin juna da wuta. Jarumin fim ɗin ba mu iya faɗin sunansa ba, sai muka sa masa Mai Jan Sulke. A ƙarshe ya tuƙa jirginsa ya afka cikin babban jirgin abokan gaba don mutanensa su tsira, ya ƙone ƙurmus. Na fito ina goge ido da hannun riga, ina cewa hayaƙin taba ne. Ba a daɗe ba sabon kaset ya zo, sai ga Mai Jan Sulke da ransa, wai wata na'ura ce ta sake gina shi.

Mamman yana da wani ɗan littafi da ya samu wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Sakkwato. Da Ingilishi yake, yana karanta shi da ƙyar, amma hotuna sun cika shi: makamin kowane mayaƙi, ƙarfin sulkensa, jirgin da ke cin wani, da yadda aka jera rundunoni a kowane yaƙi. A wurin Mamman abin da littafin nan ya faɗa ya zauna.

Wata Asabar, muna bakin wuta, ya buɗe shi ya karkata wajen haske.

"Duba nan, Isufu," in ji shi. "Wutar babban jirgin ta fi ƙarfin kowane sulke. Ko toka ba ta saura, to mi na'urar ta samu ta gina? Ƙarya ce anka yi muna."

"Ai ka gan shi da idonka," na ce. "Ya dawo."

"Wanda ya dawo ba shi ba ne. Wanda ya mutu ya mutu."

Ban san sa'ad da na fizge littafin na yi jifa da shi ba. Saura kaɗan ya faɗa wuta. Mamman ya miƙe, ni ma na miƙe, ina ihu cewa ya dawo, ya dawo, ko littafi ya so ko ya ƙi. Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mu zauna, ta sa muka ba ta labarin fim ɗin tun daga farko. Tana saurare, tana gyaɗa kai, har da tambayar ko mutanen taurarin suna noma.

Da muka gama, sai Nana, wadda muke zaton barci ya ɗauke ta, ta ɗago kai daga cinyar Kaka.

"Kaka, in ana iya gina mutum, don mi ba a kai Baba can ba?"

Mamman ya sunkuyar da kai. Kaka ta daɗe tana tura iccen nan cikin wuta, sannan ta ce, "Ga wata nan ta baro gidan ƙarya, ku ba ta tabarma." Muka amsa a hankali, "Ta zauna mu ji."

A wani gari, in ji ta, an yi wani matashi Barmo, manomi mai waƙa a bakin aiki, yana da mata da ɗa ƙarami. Ganuwar garin ta zube ta gefe guda. Ranar da mahara suka zo, shi ya tsaya a wurin zubewar da mashinsa har mata da yara suka ƙetare gulbi, nan aka kashe shi. Uwarsa ta ƙi haƙuri. Ta shiga daji wurin wata tsohuwa maginiyar tukwane, ta roƙe ta. Tsohuwar ta kwaɓa yumɓu da hawayen uwar, ta gina shi, ta gasa. Da gari ya waye sai ga Barmo yana gaishe ta. Aka yi ta kiɗa. Sai dai ya manta waƙarsa ta noma, amma ba wanda ya kula.

Da mahara suka dawo, mutane suka ce ai ga Barmo. Ya tsaya, aka kashe shi, uwar ta koma daji, aka sake gina shi. Wannan karon sunan matarsa ya manta. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ganuwa ba wanda ya gyara, samari ba wanda ya koyi riƙon mashi. Har ta kai in ya faɗi ba a kuka, mata na daka suna cewa gobe zai dawo.

A nan muryar Kaka ta yi ƙasa, sai da muka matso.

"Wata rana ya zauna gaban uwatai, ya ce, 'Inna, ke kaɗai na sani yanzu cikin garin ga. Kuma duk dawowar da nika yi, da zahin mutuwar baya nika dawowa. Ran da na tsaya da farko, kyauta na yi. Ku karɓi kyautar mana, ki bar ni in kwanta.'"

"Ta bar shi?" in ji Nana.

"Ta bar shi, ɗiyata. Ran da ya sake faɗuwa, ta wanke shi da hannunta, ta hana ƙafarta zuwa daji. Ta yi kukan da ba ta taɓa bari ya zuba ƙasa ba. Mutanen gari sunka ji kunya, sunka kwaɓa ƙasa sunka tashi ganuwa. Ɗan Barmo kuma ya girma shina waƙar da ubanai ya manta." Ta tone dankali ta ɓare wa Nana. "Ta naɗe tabarmarta, ta koma gidan ƙarya. Tada matacce na Allah ne shi kaɗai, kuma shina da ranar da ya aje."

A daren nan haushinta na ji. Na ɗauka bayan Mamman ta bi. Sai da na girma, na haifi nawa, na gane cewa matar da ke ba mu gatanar ta binne ɗanta ba a yi wata shida ba. Ita ce uwar Barmo. Da akwai maginiyar nan a daji, na tabbata da Kaka ta fi kowa sanin hanyar gidanta. Kanta take lallashi a gabanmu, mu kuma muka samu rabonmu.

Fim ɗin har yau ana yin sa. An kashe Mai Jan Sulke an tada shi ban san sau nawa ba. Gardama ta koma cikin waya, samarin Konni da na Malbaza suna turo hotunan sababbin littattafan yaƙi, wannan ya ce dawowar ta halatta, wancan ya ce cin amanar masu kallo ce. Mamman, da furfurarsa, yana cikinsu. Nakan karanta, ba na raina su, don na san ba kullum ne gardamar ke kan fim ba. Wani a cikinsu yana da wanda yake so a dawo masa da shi. Abin da na lura kawai, ɗana ya kalli mutuwar jarumin nan yana cin gyaɗa, ko gezau bai yi ba.

Da ciwon ajali ya kama Kaka, mun kai ta asibitin Konni, muka wuce Sakkwato, muka dawo Konni, ta ɗan farfaɗo, ciwo ya sake tashi. Na sami mota zan sake ƙetarawa da ita Sakkwato. Na shiga ɗaukarta, sai ta riƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Isufu, kun yi ƙoƙari, Allah shi yi muku albarka. Ku mai da ni Tsarnawa."

Na buɗe baki zan yi gardama, ta zuba mini ido. Na fita na ce wa direba ya juya kan motar gabas, hanyar Tsarnawa. Ta kwana biyu a ɗakinta, jikoki na shiga suna fita, tana kiran kowa da sunansa, ba ta manta ko ɗaya ba. Ranar Juma'a da hantsi ta cika, Nana na riƙe da kanta.