Isiyaka da yatsuna goma

Yanzu da safen nan labari ya same ni a wurin aiki. Isiyaka ya rasu. Jiya ya faɗi a hanyar kwarin da yake zuwa sulun ƙanƙara, can cikin duwatsun yamma da mu. Shi kaɗai ne. Zuciya ce, in ji likita.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗan zangon Kumasi ne, tare muke dakon kwalaye a wani sito a Wendover, nan Amurka. Shekarar da motata ta mutu, kullum sai ya biyo unguwarmu Glenwood ya ɗauke ni, da wake da shinkafa a kula.

Duk mun yi masa dariyar wannan sulu. Har da masu kuka a waya yau. Har da ni.

Sau ɗaya na bi shi, watan jiya. Muna tsakiyar kwari, katakon sulu ɗaure a ƙafa, azahar ta yi. Ya ce in yi taimama. Na ce ga ƙorama tana gudu, ba ɗan Ghana ne zai koya mini addini ba. Na cire safar hannu na yi alwala.

Kafin in sallame, yatsuna sun yi fari fat. Ba na jin su. Sandar da nake dogarawa ma ta ƙi riƙuwa, ga iska ta taso, ga mota da nisa. Hannun nan da shi nake ciyar da mutum tara a Zariya.

Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe rigarsa a wannan sanyin, ya cusa hannayena a hammatarsa, jikinsa na karkarwa.

"Alhajin taurin kai, Allah bai ce ka kai masa yatsu ba. Sa ƙafarka a sawuna, kar ka tsaya."

Haka muka fito, yana gaba yana fasa hanya.

A mota da jini ya dawo cikin yatsun, zafi ya sa na zage shi. Na ce shi ya jawo ni wannan hauka. Shi dai sai ya ƙara hitar motar.

Alhamis ɗin nan da ta wuce ya ce in zo mu koma. Ban ko ɗago kai ba.

Gobe ni zan yi masa wanka, da yatsun da ya bar mini.

Allah ka gafarta wa Isiyaka, ka yalwata kabarinsa. Ku sa shi a addu'a, don Allah. In kun gama, ku roƙa mini ya yafe ni.