Ciwon da Ba a Kiran Sunansa a Gidanmu

A gidanmu ba a kiran sunan ciwo. Idan mutum ya kwanta sai a ce yana jin jiki, idan abin ya yi nisa a ce sai addu'a. Wannan ɗabi'a ce ta sa na kama hannun 'yar gwaggona na kai ta ɗakin da ya kusa zama ajalinta, ina tafe ina yi mata tsiya. Tana da farfaɗiya tun tana ƙarama, irin wadda walƙiyar fitila ke tayarwa. Manyan gida duk sun sani. Ni da aka sauka a ɗakina, ni ce ba a gaya wa ba.

Da bazara suka zo London ita da Gwaggo, ganin likita a Marylebone, suka sauka wurina a Catford. Da na tambayi abin da ke damunta, Gwaggo ta ce ciwon kai ne. Na ga robobin magani a jakarta an ɓare takardun jikinsu, ban kawo komai a raina ba.

Ni kuwa ina da wata jaraba da dangi ke ɗauka taɓin hankali ne, wato kiɗan Turawa da ake kira post-punk da synth-pop. Wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi ce ta fara ja na wurin da ake yin sa, na tafi da niyyar yin dariya, na dawo ya kama ni. Jita mai ƙaton sauti tana gurnani har cikin hanjinka, mawaƙi kuma yana rera abinsa kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Ban san dalili ba, amma a sanyin garin nan shi ne kiɗan da ke gaya mini gaskiya.

'Yar gwaggona abokiyar wasana ce, don haka ba ta raga mini.

"Yaya, wannan kiɗa ne ko janareto ne ya lalace?"

Kwana kaɗan sai ga wadda ta kira kiɗan janareto tana bin waƙar a hankali tana wanke-wanke. Da ta ji na sayi tikitin wani wasa a ƙaramin kulob, ta nace sai na tafi da ita. Ban ɓoye wa Gwaggo ba, na ce makaɗa za mu je kallo. Ta ajiye carbinta ta dubi 'yarta, 'yar ta dubi ƙasa. Na ga bakin Gwaggo ya buɗe ya rufe. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki kula mini da ita, ba ta son hayaniya." Ta tofa mata addu'a a ka, muka fita. Har yau idan na tuna buɗewar bakin nan raina ɓaci yake yi.

Kulob ɗin a ƙarƙashin wata mashaya yake, ana sauka ta matsattsiyar matakala mai warin giya da danshi. Matar da ke ƙofa ta buga mana hatimi a bayan hannu, ta ce kamar yadda take gaya wa kowa, makaɗa na biyu suna amfani da fitila mai walƙiya, da fatan ba damuwa. Na ce babu. 'Yar gwaggona ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a matakala.

"Ke baƙauya, duhu kike tsoro?" na ce.

"Mu je," ta ce.

Ɗakin bai fi zauren gida girma ba, rufinsa a kusa da kai, takalmi yana mannewa a ƙasa. Kusan kowa baƙaƙen kaya ya sa, mu biyu ne da gyale. Makaɗan farko su uku ne, a ƙarƙashin jar fitila wadda ba ta motsi. Mai jita bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya, mai ganga yana duka kamar an yi masa laifi. Na juya in ga ko ta tsorata, sai na gan ta ta kutsa gaba, ta ɗaura gyale a ƙugu tana kaɗa kai. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Sai dai kowane lokaci takan ɗaga ido ta dubi fitilun da ke rataye a rufi, waɗanda ba a kunna ba tukuna.

Da aka yi hutu na kawo mata ruwa. Wasu biyu, mace da namiji, suna jera na'urorinsu masu kama da piyano, wayoyi ko'ina.

"Su ne masu fitilar?" ta tambaye ni.

"Su ne. Su na zo gani ma."

Ta kama hannuna. Ɗakin zafi kamar gidan burodi, amma hannunta sanyi ƙalau. Na ɗauka zumuɗi ne.

Hayaƙi ya fara fitowa daga gefen dandamali. Waƙa biyu suka yi masu taushi, sauti yana gangarowa a hankali, macen tana waƙa ido a rufe. A ta uku aka kashe komai, ɗakin ya yi baƙi ƙirin, injin ganga ya soma bugu da sauri, sannan farar fitila ta fara ƙyaftawa. A irin hasken nan ba ka ganin motsin mutum, sai gutsure-gutsure. Na ga fuskarta tana murmushi. Na ga kanta ya karkace. Na ga idanunta sun juye. Sai na daina ganinta, hannuna kuma ba komai a ciki.

Kiɗan bai tsaya ba, domin ba wanda ya lura. Na durƙusa cikin ƙafafun mutane ina ihu har mai waƙar ta ji, aka kunna fitilu. Goshinta ya fashe a bakin lasifika, jikinta yana fizga. Na saba ganin irin wannan a wurin aiki, na sa gyalena a ƙarƙashin kanta, na kori mutane baya, ina jiran ya lafa. Bai lafa ba. Leɓunanta suka fara canza launi.

Matar ƙofa ta kira motar asibiti. Da ma'aikatan motar suka iso, ɗayansu ya tambaye ni ko tana da wannan ciwo, da kuma maganin da take sha. Na ce ban sani ba. Na kira Gwaggo.

"Gwaggo, ta faɗi. Wane ciwo ne da ita?"

Ta yi salati. "Ki tofa mata Ayatul Kursiyyu."

"Zan tofa. Masu ambulance ne ke tambaya, sunan ciwon suke so."

"Abin nata ne ya motsa."

"Wane abin, Gwaggo?"

"Ba a faɗa, 'yar nan. Baki shi kan yanka wuya. So kike a daina cin abinci da ita kwano ɗaya?"

Tana kuka take maganar, na san son 'yarta ne. Amma a lokacin ban ji tausayinta ba ko kaɗan, na katse kiran.

Sun yi mata allura, fizgar ta tsaya. Aka ɗauko ta aka hau matakalar da ƙyar. A waje ko magariba ba ta yi ba, ranar bazarar London da ba ta faɗuwa da wuri tana nan, mutane suna ta harkarsu a bakin titi.

A cikin mota ta buɗe ido. Ta ciji harshenta, maganar da ƙyar take fita. Mutumin ya sake tambayata, na sake girgiza kai.

"Farfaɗiya ce, Yaya," ta ce. "Gaya masa."

"Kin sani? Kin ji abin da matar nan ta faɗa, kika shiga?"

"Ko bikin yayata ba a bar ni na je ba. A ɗaki na wuni, aka ce wa mutane na yi tafiya." Ta huta. "Waƙa biyun nan sun yi daɗi."

Na so in yi mata faɗa, kuka ya hana ni. Wayata tana ta ruri a cinyata, Gwaggo ce. Na juya wurin mutumin na gaya masa sunan ciwon da Turanci, ya rubuta. Sannan na ɗauki wayar, kafin Gwaggo ta ce komai na faɗa mata shi da Hausa.