Baturiyar Tasha da Sunan 'Yar Fari

Ku matso ku kasa kunne, tsarata, ku da kuka san Baturiyar Tasha. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina aka yi.

'Yar mishan ce, ta baro ƙasarsu ta kafa makarantar 'yan mata a Gagarawa Tasha. Maƙo kuwa, sai wanda ya gani! Ganyen shayi ta dafa, ta shanya a kan danga, gobe ta sake dafawa. Ranar da akuya ta cinye shi, har gidan mai akuyar ta je da Hausarta ta hanci: "Akuya naka ya sha shayi nawa. Yanzu ni zan sha nono nasa." Kuma ta tatsa!

Da ta zo gidanmu neman ɗalibai, ta ce wa Inna, "Faɗi sunan yara naka." Inna ta ce, "Talatu," ƙanwata ke nan. Baturiya ta nuna ni. Ni kuwa 'yar fari ce, ina uwa za ta kama sunan ɗan fari? Inna ta kau da kai, ta ce, "Waccan? Ban san ta ba." Shi ke nan, baiwar Allah ta ɗauka ni 'yar maƙwabta ce. Talatu aka ɗinka wa rigar makaranta, ni aka bar ni da turmi.

Kullum Talatu ta dawo tana rangaji: "Yaya, Malama ta ce kaina na ja." In ce, "Ya ja miki guga mana!"

Sai da na yi aure a Ɗanzomo Baturiya ta gane kurenta. Ga ta a kan jaki, ta tsufa, fuska ja wur.

"Hajara, na cuce ka. Zo makaranta."

"Malama, da goyo?"

"Mace ne? Faɗi suna nata, in ta girma na ɗauka."

'Yar farina ce, ga surukata zaune! Baturiya ta ce ba za ta sauka daga jakin ba sai ta ji daga bakina. Na tuna rigar Talatu. Na runtse ido na ce, "Binta!" Surukata ta saki salati, mata suka yi ta yi mini waƙar zambo har kaka.

Talatu ta zama ungozoma a Gumel, har gobe gilashi take sawa don in gani. Binta kuwa Baturiya ta ɗauke ta, har ta shugabanci makaranta a Maigatari. Ni dai ko baƙi ban sani ba. Baturiya ta koma ƙasarsu, can ta rasu.

Ya Allah, Kai ne masanin zukata. Ta share hawayen 'ya'yan mutane. Ka dubi wannan.