Ruwan Atisaye

Bazara ce, irin ta Minna da duwatsu ke huci tun da hantsi. A shekarar famfon unguwarmu ta Dutsen Kura tari kawai yake yi, kowa ya koma rijiyar gangare, ni kuma ciwon baya ya sa ni gaba.

Ɗan farina ke ɗebo mana ruwa, har aka ɗauke shi cikin masu ɗaga ƙarfe da ake tacewa don wakiltar jiha. Kocinsu bai daɗe da dawowa daga kwas a Legas ba, usur a wuya, tumbi a gaba. Dokarsa ta farko ita ce ɗan wasa ba ya aikin gida.

"Inna, koci ya ce ɗibar ruwa tana ɓata damtse. Jikin nan yanzu na jiha ne."

"To madalla. Jihar ce za ta riƙa aiko masa da tuwo?"

"Inna, don Allah. Wanda ya karya doka cire shi ake yi."

Na ƙyale shi. Yaron ya ƙwallafa rai, ko a barci ɗaga hannu yake yi. Na ɗauki bokiti na ci gaba da hawa da sauka, shi kuma ya riƙa dawowa da yamma yana cin rabon mutum uku, ƙafafunsa furu-furu da siminti.

Wata rana na dawo daga ajin yaƙi da jahilci, na biyo ta Ketaren Gwari. Sai ga samari a jere, kowa da garwa biyu a sanda, suna tahowa daga rafi zuwa wani kango da ake ginawa, suna juyewa a duro. Na gaba ɗana ne. Koci na zaune a gindin mangwaro yana shan wani, yana busa usur tsakanin tsotsa da tsotsa.

Na gaishe shi. "Malam koci, ginin wa ake yi?"

"Mama, ba gini ba ne, atisaye ne. Sabon tsari."

"Na ga kamar ɗibar ruwa."

"A ido ne. Ta gida aiki ce, tana kashe tsoka. Wannan akwai lissafi, kuma akwai mai sa ido."

"Da yake gangaren gidana ya fi wannan tsayi, ko za a kawo lissafin can?"

Ya share bakinsa. "Mama, idan iyaye suka sa baki, yaro ne ke asara. Ba a gama zaɓe ba tukuna."

Na dubi ɗana. Ya tsaya da garwa a kafaɗa, idonsa yana roƙona. Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce. Da yamma ya kasa haɗa ido da ni, na ƙara masa miya.

Washegari da sassafe na tattara wankin gidan kaf, har da zannuwan gado, na ɗauki sabulu da 'yar kujerata, na kira maƙwabtana mata biyu da nasu ƙunshin. Muka je kangon, muka zauna kusa da duron koci. Da ya iso na ce masa sa ido muka zo taya shi, yara kuwa kada a rage musu atisaye saboda mu. Ya duba titi, ya ga mutane sun fara tsayawa. Ya busa usur, na miƙa wa ɗana baho ya cika mini.