Neman Inna a Keta

Mun tashi da asuba daga Gaya ranar Litinin, kwana biyu bayan an ba mu hutun makaranta, sanyi kamar zai tsaga yatsu. Mu uku ne a tsohuwar Fijo: mai motar, malamin gona ne, sai ni da nake koyarwa a firamare, sai abokinmu tela ɗan Toranke, wanda dominsa aka yi tafiyar. A Keta aka haife shi, can bakin teku a ƙasar Gana. Yana ɗan shekara tara babansa ya rabu da uwarsa, ya ɗauko shi ya dawo gida. Bayan kakar bana tsohon ya kwanta ciwon ajali, ya kira shi ya ce, "Ban kyauta wa uwarka ba. In tana da rai, ka je ka same ta." Shekara ashirin da biyu ke nan ba wasiƙa, ba saƙo.

Muka cika bayan mota da gero da daddawa da kuka, muka naɗe cikin barguna. A Wudil muka sha koko da ƙosai a tsaye, muna rawar ɗari. Muka wuce Kano da Zariya, muka kwana a Kaduna. Washegari kafin mu haye gadar Jabba zufa ta fara karyo mana, bargunan da muka yi ta taƙama da su suka koma matashin kai. Daga Ilori zuwa Badun hanya ta matse, ga kwana-kwana, ga manyan motocin katako da ba su san girman kowa ba. Mai mota ya daina hira, sai salati.

A Ikko na fara ganin teku. Ni da na girma ina ganin kogin Wudil shi ne ƙarshen ruwa, na tsaya baki buɗe ina neman ɗaya gaɓar, babu. Na matsa zan taɓa, igiyar ruwa ta zo ta ɗauke min takalmi ƙafa ɗaya. Mai mota ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kamfata zai kurkure baki, gishiri ya rama min. Tela bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana shaƙar iskar, ya ce, "Wannan warin na sani."

Daga Kwatano hanya ta bi bakin ruwa, teku a hagunmu, itatuwan kwakwa a jere har inda ido ya tsaya. Masunta na jan koma da igiya, suna waƙa murya ɗaya. Mata na tallan soyayyen kifi da dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Kwakwa kuwa kusan kyauta, a fasa maka ka sha ruwan ka kankare cikin. A iyakar Lome wani ɗan sanda ya buɗe ƙullin daddawa, ya toshe hanci, ya ce mu wuce da sauri. Tun daga nan tela ya fara tuno abubuwa: yadda uwarsa ke goya shi zuwa kasuwa, da yadda take cire masa ƙayar kifi da yatsa kafin ta sa masa a baki.

Mun shiga Keta da hantsi ranar Asabar. Tela ya ja mu kai tsaye, ya ce gidansu na bayan wata doguwar bishiya kusa da masallacin zango, unguwar Hausawa. Muka je, ba bishiya, ba gida, sai ruwa. Wani tsoho Bahaushe mai sayar da tabarmi ya nuna mana wasu guntayen bango da igiyar ruwa ke duka, ya ce teku ta cinye layin nan kaf tun shekarun baya. Tela ya zauna a kan yashi, ya rufe fuska da hularsa. Na ɗauka mun yi tafiyar banza.

Tsohon ya tambayi sunan babansa. Da ya ji, sai ya ce, "Ɗan mai goro ne kai? Tashi, ɗana. Uwarka tana nan, tana bandar kifi a bayan kasuwa."

Muka same ta cikin hayaƙi, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana juya kifi a kan murhu. Tela ya yi sallama. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi kowa ba, ta taho ta kama kunnensa na hagu, ta shafa wani tabo da ke bayansa, ta kira shi da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne." Ni da mai mota muka koma waje muna duban tayoyin da ba abin da ya same su.

Kwana uku muka yi. Hausarta ta zango ce, shi kuma yarenta ya gudu daga bakinsa, amma hira ba ta yanke ba. Da ya gaya mata rasuwar babansa da saƙonsa, ta ce ta yafe. Ta dama mana kunu da geron Toranke, ta ce rabonta da shi tun tana amarya. Ya roƙe ta ta biyo mu. Ta ce, "Iyayena a nan suke kwance, ɗana. Kai dai ka kawo min jikokina in gan su da idona."

Ranar da za mu taho ta cika mana kwando da banda, ta riƙe ƙofar mota har sai da muka fara tafiya.

Mun iso Gaya da la'asar ranar Lahadi, sanyi ya sake karɓar mu, motar na ƙamshin kifi. Na ga teku, na ga ƙasashe uku, amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Abokina ya yi kwana biyar a hanya kafin ya ga uwarsa. Tawa tana Gafasa, tafiyar keke, kuma wata huɗu rabona da ita, kullum ina cewa aiki. Ban ko kwance kaya ba, washegari da sassafe na hau keke. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, Inna, gaishe ki kawai na zo yi.