Rigar da na yi wa aska biyu

Ni na ɗinka rigar da Fasto ya sa ranar da aka naɗa shi shugaban jami'a, kuma sai da na ɓata ta.

Tela ne ni a unguwar Briqueterie. Ban yi makaranta ba, awon mutum da igiya nake ɗauka, in ƙulla. Fasto ɗan arewa ne, cocinsa ƙarami a unguwar Nkomkana. Shekara da shekaru ni ke yi masa facin baƙar rigarsa ta wa'azi. Da ya tafi Turai ƙarin karatu ya dawo, wurina ya sake zuwa.

Shekarun matsin tattalin arziki ne, da muke kira kiris, an zabge albashi, ba mai ɗinka sabon kaya. Kekunan ɗinki uku gare ni, na sayar da biyu. Na ukun ma wani ɗan unguwar Ekoudou ya zo ya taya.

Ana haka Fasto ya shigo da baƙin yadi da hoto. Ya ce cocinsu ta ba shi jami'arta ya riƙe.

"Irin wannan za ka yi mini, Malam Tela. In ta yi kyau, rigunan ɗalibai naka ne."

Na duba hoton. Riga ce mai faɗin hannu, ba ado ko ɗaya. A wurinmu babban mutum ba ya fita da riga gaya. Na ɗauka talauci ne ya sa bai nemi ado ba. Na sayo zare mai ruwan zinariya, na zauna kwana tara na yi mata aska biyu a ƙirji, da hannu.

Ya zo ɗauka saura kwana biyu a naɗa shi. Ya daɗe yana kallonta.

"Sarauta aka ce maka an ba ni?"

"Shugaba ai sarki ne, Fasto."

"Malamai talatin za su tsaya bayana da riga iri ɗaya. Tawa ba za ta fi tasu ba. Cire."

Na ce yadin zai huje. Ya ce ya ji.

Da reza na warware aikin, zare ɗaya ɗaya. Ramukan allura suka ƙi ɓacewa, ko da na sa dutsen guga. Haka ya sa ta. Ina can baya cikin taro, in rana ta haska shi sai in ga siffar askar a ƙirjinsa.

Bayan sati ya aiko da yadin ɗalibai a mota, da saƙo a bakin direba: kada in ƙara ko zare ɗaya. Ban sayar da keken ba.

Ya daɗe a kujerar, kuma bai sake riga ba. Da ya sauka sai ya koma ƙauyensu yana wa'azi. Ni ido ya yi rauni, na daina zura allura. Ina nan bakin shagon, ina yanka wa masu ɗinki yadi.