Ɗantsoho Tafinta

Malaman Gumel suna cewa kalmar fassara daga Larabci ta zo, ma'anarta a ɗaga faifai a ga abin da ke cikin ƙwarya. Tafinta kuwa ta Turawa ce, bakinmu ya lanƙwasa ta. Ɗantsoho, mutumin Ɗanzomo, ya ci sunan tafinta, amma faifan dai bai taɓa ɗaga shi don Allah ba.

Da jakai ya fara. Ya bi sojan Turawa yana yi musu dako har Lakwaja, ya dawo da jar dara da Turancin da bai cika cokali ba. Da aka ajiye wani Bature a Maigatari yana tsaron iyaka, Ɗantsoho ya zama kunnensa da bakinsa, har dattawa suka koma durƙusa masa.

Wata shekara soja suka tare ayarin masu satar mutane za su Damagaram, suka ƙwace yara. Bature ya ce duk yaron da iyayensa suka shaida a ba su, saura a tura su kudu. Cikinsu akwai Rahamatu, 'yar farin Sabuwa, maƙwabciyar su Ɗantsoho da mijinta ya rasu. A ƙasa Sabuwa ta tako daga Ɗanzomo. Da ta hango shi, murna ta sa ta ce, "Ɗantsoho na jakai, ashe kai ne." Soja suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Bature ya tambayi sunan yarinyar. To wace uwa ce za ta kama sunan 'yar fari a bainar jama'a? Sabuwa ta kau da kai, ta ce 'yar mutane ce, yadda kowace uwa ke faɗa. Yarinyar ma, goyon kaka ce da ba ta saba da uwar ba, sunkuyar da kai ta yi. Kowa a wurin ya gane, ban da Bature. Abin da ya rage wa Ɗantsoho kawai ya ce masa kunya ce. Sai ya ce matar ba ta san sunan ba, kuma ta ce ba tata ba ce.

Da aka ja yarinyar cikin saura, Sabuwa ta yar da kunya, ta ƙwala sunan, karo na farko a rayuwarta. Bature ya waiwayo. Ɗantsoho ya ce taɓin hankali gare ta, haka take yi duk inda ta ga yara. Daga baya shi da bakinsa ya riƙa ba da labarin yana dariya, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ba a sake ganin Rahamatu ba.

Bayan shekaru ɓarin jikin Ɗantsoho ya shanye, baki ya karkace. Turawa suka ɗauki wani tafinta, shi kuwa aka mai da shi Ɗanzomo a kan jaki. Ba mai gane maganarsa. Sabuwa ta ce ita tana ganewa, maƙwabta suka yi ta sa mata albarka. Kullum tana bakin ɗakinsa tana kaɗi.

Kakata ta ce ranar da suka je dubiya, ana tsakiyar zafin bazara, sun tarar ya ƙura wa randa ido yana gurnani, leɓe ya tsage. Suka tambayi Sabuwa me yake so.

"Cewa ya yi ya ƙoshi," in ji ta, ba ta ko daina murza mazari ba. "A fitar da randar, tana tsone masa ido."

Aka fitar.